Rumfunan Wuƙa a Kasuwar Kurmi

Wanda ya shiga Kasuwar Kurmi ta birnin Kano da niyyar sayen wuƙa, sai ya ratsa lunguna masu ƙunci, ya wuce masu turare da masu carbi, ya gifta masu sirdi da linzami, kafin idonsa ya faɗa kan rumfunan da aka jera wuƙaƙe da takubba cikin kube masu launi. Kasuwar ta tsufa ƙwarai. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, aka kafa ta a gefen Jakara. Amma ƙira ta girme ta a garin, domin tarihin baka ya nuna Abagayawa, maƙera daga Gaya, neman tama ne ya kawo su gindin Dutsen Dala tun kafin a yi ganuwa.

Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana shigo da ƙarfen takobi daga Solingen ta ƙasarsu, a ratso Sahara da shi, masu sana'a a Kano su yi masa mariƙi da kube, sannan fatake su kai shi wasu ƙasashe. Ashe haɗa ƙarfen waje da aikin gida ba yau aka fara ba. Abin da ya canza shi ne hanyar da ƙarfen ke isowa. A da raƙumi ne ke kawo shi, yau kuwa daga wurin 'yan gwangwan da garejin makanikai yake fitowa.

Wuƙa guda tana bi ta hannu uku kafin ta hau tebur. Maƙerin baƙi ne ke fitar da ita daga wuta, da zuga-zugi da masaba da uwar maƙera, kuma idan ya samu gawayin ƙirya ya fi so, saboda wutarsa tana da ƙarfi tana kuma daɗewa. Majemi ya jeme fata. Baduku ya yanka ta, ya rina, ya ɗinka kube. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko saboda ta can take isa gare su, har yanzu ita ce ake yabo a wannan aiki. Mai rumfa shi ne na huɗu, kuma sau da yawa bai taɓa riƙe masaba ba. Tara kaya yake yi daga maƙeran birni da na ƙauye, wani lokaci har da na Buzaye masu saukowa daga wajen Agadas da wuƙaƙensu na ɗaurawa a damtse.

A nan ne mai saye yake buƙatar ido, domin kaya iri biyu ne a rumfa ɗaya. Akwai wuƙar ado, wadda aka yi wa zane a jiki, mariƙinta na tagulla ko goran ruwa, kubenta ja da kore da baƙi, har da tuntaye. Wannan ta baƙi ce da masu neman tsaraba da mahaya dawakin hawan Sallah. A bango take kyau. A sa ta yankan igiya sau biyu, sai bakinta ya lanƙwashe, don galibi da ƙarfe mai taushi ake yin ta. Sannan akwai wuƙar aiki, baƙa, ba ta da wani sheƙi, tabon masaba duk a jikinta. Ita ce Bafulatani ke ratayawa in zai fita kiwo, ita ce ta mahauci da mai rake da manomi. Abin mamaki, sau da yawa ta fi ta ado sauƙin kuɗi.

Sirrin wuƙar aiki yana cikin ƙarfen da aka yi ta da shi. Maƙera sun fi son sifirin na tsohuwar mota, ko magagarin da ya gama aiki, saboda irin wannan ƙarfe yana karɓar tauri idan an gasa shi ya yi ja aka tsoma cikin ruwa ko baƙin mai. Rodin gini da fallen ganga ba sa yin haka, komai gwanintar mai ƙira. Kuma tsomawar kanta ilimi ce. Idan taurin ya yi yawa, wuƙar za ta ɓalle a kan ƙashi. Idan bai kai ba, kullum tana kan dutsen washi. Shi ya sa maƙerin kirki yake sake ɗumama ta kaɗan bayan tsomawa, yana kallon launin da ke bin ƙarfen, ya san inda zai tsaya. Mai saye ba zai ga wannan aiki ba, amma yana iya gwada sakamakonsa. Ya nemi magagari ya goga a bakin wuƙar. Idan magagarin ya zame bai kama sosai ba, akwai tauri. Idan ya ci ƙarfen cikin sauƙi, a ajiye ta a ɗauki wata. Wasu kuma sukan ƙwanƙwasa ta su saurari ƙara, ko da yake wannan gwajin bai kai na magagari ba.

Abu na biyu shi ne jelar ƙarfen da ke shiga cikin ƙota. A nan ake yawan cutar mutane. Wuƙar da jelarta ta ratsa ƙotar har ƙarshe, aka danne ta ko aka kafe da ƙusa biyu ko uku, za ta yi shekaru tana aiki. Wadda aka cusa wa ɗan guntun tsinke cikin itace aka lulluɓe da fata, rana ɗaya ƙota za ta rage a hannu, ƙarfe yana ƙasa. A riƙe ƙotar a jijjiga. Motsi kaɗan ma ya isa hujja.

Tsawo kuwa, ga mai son wuƙar hidimar yau da kullum, kwatankwacin tafin hannu ya wadatar. Za ta fere rake, ta yanka igiya, ta gyara kaza, ta feƙe sanda. Kaifi ɗaya ya fi kaifi biyu amfani, domin mutum yana iya ɗora yatsa a bayanta ya danna. Mai kaifi biyu da dogon tsini makami ce, kuma duk wanda ya gan ta haka zai ɗauke ta.

Kube ma ba a raina shi. Wasu kwali ake naɗawa a rufe da fata mai laushi, sai tsini ya huda shi cikin mako guda ya sami cinya. A kifar da kuben a ga ko wuƙar za ta zame, a duba ɗinkin bakinsa. Da damina kuma fata tana riƙe laima, ƙarfen maƙera kuwa ba ya shiri da laima, tsatsa yake yi nan da nan. Maganinsa ɗan man gyaɗa a shafa bayan an wanke an goge.

Wannan tsatsar ce ta buɗe wa wuƙaƙen kanti ƙofa. A Kasuwar Sabon Gari da ta Wambai, har ma a tiren 'yan talla, akwai farare masu ƙyalli, akasari daga Sin, sai kuma irin su Tramontina ta Brazil. Ƙarfensu yana da sinadarin kuromiyam da bai gaza kashi 10.5 cikin ɗari ba, shi ne ke hana tsatsa. Mata sun rungume su a madafa, kuma ba laifinsu ba ne, wa ke son shafa wa wuƙa mai bayan kowane girki? Sai dai mafi arha daga cikinsu sirara ne, saurin dakushewa gare su, kuma ba su zuwa da kube. Araha ba ta ado, in ji Hausawa. Duk da haka ana samun masu kyau a cikinsu, kamar yadda ake samun na banza a kayan maƙera. Tsofaffi har yanzu suna tuna Okapi, 'yar naɗewa mai zobe, wadda aka fara yi a Solingen ɗin nan dai kafin aikinta ya koma Afirka ta Kudu a 1988. Amma mai naɗewa tana da gaɓa, gaɓa kuwa tana sakewa, tana kuma tara datti da jini, abin da ya sa mahauci ba ya kallon ta.

Ciniki a Kurmi sai da haƙuri. Mai rumfa ya faɗi kuɗi yana kallon takalmin mai saye, mai saye ya taya ƙasa, a ce masa albarka. Ya ƙara kaɗan, a ce, "Haba Alhaji, kuɗin kuben ma bai fito ba." Ya yi kamar zai tafi, a kira shi a sallama. Wanda ya nuna ya san bambancin sifirin da rodi, farashinsa daban ne da na wanda ya fara da yabon launin kube. Lokaci ma yana da tasiri. Idan Babbar Sallah ta ƙarato, kasuwar wuƙa takan cika maƙil, kowane magidanci yana neman ta layya da ta fiɗa, farashi ya hau. Malamai kuma suna ta tunatarwa cewa a kaifafa wuƙa domin a hutar da dabba, kada kuma a wasa ta a gabanta. Masu washi suna samun nasu rabon a wannan mako. Sai dai a kula da masu injin gurza: idan bakin wuƙa ya yi zafi har ya koma shuɗi, taurin da maƙeri ya sha wahala ya ba ta ya tafi. Dutsen washi da ɗan ruwa ya fi jinkiri, amma ba ya ƙona ƙarfe.

Akwai kuma wani lissafin da ba na kuɗi ba. A ƙauye, namiji da wuƙa a kugu ba abin kallo ba ne, kayan aiki ne kamar lauje da fartanya. A cikin birnin Kano na yau labari ya sha bamban. Faɗan daba da ƙwacen waya sun ɓata wa wuƙa suna, kuma 'yan sanda suna kama matasan da aka samu da ita a jiki, musamman a wajen hawan Sallah da tarukan siyasa. Mahauci da mai tsire da mai rake sana'arsu ce shaidarsu, wuƙarsu tana kan tebur kowa na gani. Ɗan kasuwa ko ma'aikaci da ya sayi tasa don hidimar gida da gona, ya fi masa kwanciyar hankali ya bar ta cikin kube, a cikin jakar kayan aiki ko akwatin mota. Mai tsarabar da zai tashi ta filin jirgin Malam Aminu Kano kuwa, ya sa ta cikin babban akwatin da ake aunawa, domin idan ta shiga jakar hannu a wurin bincike za a karɓe ta.