Daga Fashaga zuwa Jidda ko Kano: me ya sa nisan taswira ba shi ne tsawon tafiya ba?

Tsakanin Landan da Paris kilomita 340 ne a miƙe, jirgin sama kuma yana yin tafiyar cikin awa 1 da 'yan mintuna. Duk da haka matafiya da yawa sun fi son jirgin ƙasa na Eurostar mai ɗaukar sama da awa 2, domin yana ajiye su a tsakiyar gari, ba tare da doguwar tafiya zuwa filin jirgi ba. Wannan lissafin ya fi shafar Hausawan Fashaga, yankin noman riɗi da dawa a jihar Gadarif ta Sudan, kan iyakar Habasha.

Jirgin fasinja yana gudun kilomita 800 zuwa 900 a awa idan ya kai sama. Hanya mai sauƙi ta ƙiyasi ita ce a raba nisan da 800, a ƙara kamar rabin awa na tashi da sauka. Da wannan ma'auni, kilomita kusan 2,600 da ke tsakanin Khartoum da Kano ba su kai tafiyar awa 4 ba. Hanya ce da kakannin Hausawan Sudan suka shafe watanni, wasu ma shekaru, suna takawa a ƙafa don zuwa Makka.

Sai dai jirgi ba daga ƙofar gida yake tashi ba. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya sa aka rufe filin jirgin Khartoum, Port Sudan ya zama babbar ƙofar fita ƙasar. Daga can zuwa Jidda kilomita 300 ne kacal, tafiyar da ba ta wuce awa 1 a sama. Amma mai niyyar Umara daga Shuwak, hedkwatar Fashaga, sai ya bi ta Kasala, ya ci fiye da kilomita 700 a mota, wato yini guda cur, kafin ya ga jirgin.

Mai zuwa Kano kuma yana da matsalar yada zango. A miƙe, Port Sudan zuwa Kano kilomita kusan 3,200 ne. Idan tikitin ya bi ta Addis Ababa, nisan ya koma kusan 4,500, ban da awannin jiran jirgi na biyu, waɗanda kan kai ga kwana.

Akwai kuma bambancin agogo, wanda ke sa mutane rasa jirgi. Lokacin da aka rubuta a tikiti na garin da ake tashi ko sauka ne. Saudiyya da Habasha suna gaban Sudan da awa 1, Najeriya da Nijar kuma suna bayanta da awa 1. Jirgin da ya bar Port Sudan ƙarfe 10, ya yi awa 1 a sama, zai sauka Jidda ƙarfe 12 agogon can.

Saboda haka kafin a biya kuɗin tikiti, a haɗa lissafin duka: hanyar mota, awa 3 da ake buƙata a filin jirgi kafin tashi zuwa wata ƙasa, zango da kuma agogo. Tikitin da ya fi araha kan zama mafi tsada idan aka sa kuɗin masauki da abinci a ciki.