Dukiyar da Ba Mai Nema da Binciken Asali: Gaskiya da Jita-jita

Daga Karakara zuwa Gaya, har Kamba da Malanbil, da wuya ka sami gidan da ba shi da dangi a ƙetaren iyaka. Shi ya sa zancen gonar kaka da aka manta, ko kuɗinsa da ke kwance a banki, yake saurin karɓuwa. Ga abin da yake tabbas, ga wanda ba shi da tushe.

"Gonar da ba ta da takarda ta gwamnati ce." Ba haka ba ne. Dokar ƙasar noma ta Nijar, Code Rural, mai lamba 93-015 ta 2 ga Maris 1993, ta ba haƙƙin gargajiya kariya daidai da haƙƙin da ke rubuce. Filin da ke komawa hannun gwamnati shi ne wanda aka rasa kowace irin shaidar mallaka a kansa.

"Takardun gona na nuna asalin mutum." Akwai ƙamshin gaskiya. Kwamitocin filaye, da aka fi sani da Kofo, suna ba da takardar mallakar gargajiya, ta saye, ta kyauta, ta aro da ta jingina. A ciki za ka ga sunan mai gona, maƙwabtan iyaka, shaidu da mai gari. Sau da yawa sunan maƙwabci kan kai ka ga dattijon da ya san kakanka. Sai dai takardun ba su girmi 1993 ba. Mai neman abin da ya gabaci haka sai ya nufi ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Yamai, ko ta Kaduna in dangin na Najeriya ne. A kula da rubutun suna: Ousmane na takardar Faransanci shi ne Usman na ƙetare.

"Sunan kakana na takarda, gonar tamu ce." Ba lallai ba. Wataƙila aro ya karɓa, ko shaida kawai ya tsaya. Kuma a 1974 shugaban Nijar na lokacin, Seyni Kountché, ya yi shelar cewa gona ta zauna a hannun mai noma ta, abin da ya cakuɗa aro da gado a garuruwa da dama.

"Biya kaɗan a fito maka da kuɗin kakanka." Wannan damfara ce. Gaskiya ne a ƙasashen sefa na yammacin Afirka asusun da ya shekara 10 ba motsi ana ɗaukarsa asusu mai barci, kuma magada na iya nemansa. Amma a banki ake farawa, da takardar rasuwa da ta gado, ba ta saƙon WhatsApp ba.

Saboda haka a fara da tsofaffin gida, musamman mata, don sunayensu da danginsu ba su cika shiga takardun gona ba. A rubuta abin da suka faɗa, sannan a je Kofo a gwada shi da abin da ke rajista.