Ƙarfen Da Ke Rusunawa In Ya Ji Zafi

Duk wanda ya taɓa guga da dutsen guga na lantarki ya san ƙarar nan "ƙas" da yake yi, sai 'yar fitilarsa ta mutu, jim kaɗan kuma ta sake kamawa. Da yawanmu mukan ɗauka wutar ce ke wasa. Ba haka ba ne. Akwai wani ɗan falle a ciki wanda zafi ke sa shi ya tanƙware ya yanke wuta, in ya huce ya miƙe ya mayar da ita.

Fallen nan ba ƙarfe ɗaya ba ne. Biyu ne aka manne su baya da baya, galibi tagulla da baƙin ƙarfe. Mun koya a ajin kimiyya cewa ƙarfe yakan ƙara tsawo in ya ji zafi, amma ba duka ke ƙaruwa daidai ba. Sandar tagulla mai tsawon mita 1, in zafinta ya hau da digiri 100, takan ƙaru da kusan milimita 2. Baƙin ƙarfe kuwa milimita 1 da 'yan kai. Bambancin bai taka kara ya karya ba, amma tun da an haɗe su, babu mai iya barin ɗan'uwansa. Tagulla tana son miƙewa, baƙin ƙarfe yana riƙe ta, sai fallen ya lanƙwashe zuwa ɓangaren baƙin ƙarfen. Ka lura, ko ɗaya daga cikinsu ba ya tanƙwara shi kaɗai. Haɗin ne ya haifar da motsin.

Wanda ake dangantawa da wannan dabara shi ne John Harrison, wani kafinta ɗan Ingila da ya koma ƙera agogo. A 1714 majalisar ƙasarsu ta sa ladan fam 20,000 ga wanda zai samo hanyar da jirgin ruwa zai san inda yake a teku, gabas ko yamma, domin jirage suna ta halaka. Hakan na bukatar agogo mara kuskure, alhali zafi da sanyi suna sauya gudun agogo. Harrison ya shafe shekara 19 a kan agogonsa na uku, ya gama a 1759, kuma a cikinsa ya sa irin wannan falle don ya riƙa gyara gudun da kansa.

Ba zafi kaɗai ke jawo wannan ba. Dubi bangon littafi mai leda a lokacin hunturu, yadda yake naɗewa. Takardar ta bushe ta tsuke, ledar ba ta tsuke ba. Haka kwasfar waken soya take murɗewa ta fashe ta watsar da 'ya'yanta in ta bushe, domin zaren da ke cikinta hawa biyu ne, kowane da inda ya fuskanta. Masana sun kwaikwayi wannan. A 2013 Skylar Tibbits na jami'ar MIT a Amurka ya nuna wani siririn abu na roba iri biyu, wanda in an tsoma shi a ruwa ɗaya ta kumbura, sai ya naɗe kansa zuwa siffar da aka tsara.

Abin da ya fi damuna shi ne dutsen gugar da muka fara da shi. Wani lokaci in fallen ya lalace, mai gyara yakan tsallake shi ya haɗa waya kai tsaye. Dutsen zai yi zafi, mai shi ya yi murna. Amma yanzu babu abin da zai yanke wutar, kuma irin wannan dutse in an manta shi a kan bargo a ɗakin kwana, gobara ce. Dutsen da ya daina yin "ƙas" ɗin nan, a cire shi daga soket a kai wa malamin gida.

Mai son gani da idonsa ya samo takardar cingam mai ƙyalli a gefe ɗaya, ya yanka siriri, ya kusanta shi da murfin tukunya mai zafi. Zai ga ya lanƙwashe zuwa ɓangaren takardar.