Tsoka Zalla Tana Iya Karya Zaki: Abin da Mai Kula da Namun Daji Ke Yi Tun Safe Har Dare

Idan kana cikin masu tasowa daga Lakwaya ko Kabo a ranakun yawon Sallah, ku cika mota ku biyo titin Gwarzo har ku shigo Kano ta Kabuga don kai yara gidan zu, to da wuya a ce ba ka taɓa tsayawa gaban kejin zaki ka ji haushi ba. Ka biya kuɗin mota, ka biya na shiga, ga sarkin dawa nan kwance ya juya maka baya, ko wutsiya ya ƙi motsawa. Wani ya ce yunwa ce, wani ya ce tsufa ne, yara kuma su fara neman tsakuwa. Alhali kwanciyar nan ba matsala ba ce. Ko a daji zaki kan shafe kusan awa 20 a rana yana hutawa, sai rana ta yi sanyi yake tashi harkokinsa. Abubuwan da ke hana mai kula da shi barci daban suke, kuma yawancinsu ba a hango su daga bayan shinge.

Gidan zu na Kano, wanda aka kafa a farkon shekarun 1970 zamanin Gwamna Audu Bako, kuma yake ɗauke da sunansa, shi ne wuri mafi kusa da kai da ake irin wannan aiki kullum, babu hutun Juma'a balle na Sallah. Abin da za mu bi a nan shi ne ƙa'idar aikin a duk inda aka tsare zaki, damisa ko kura, da dalilin da ke bayan kowane mataki.

Aikin farko da safe da ido ake yinsa. Kai da ke kiwon turke ka san wannan: kafin ka zuba wa rago dusa ka riga ka lura ko yana tuƙa, ko kunnensa ya saki, ko kashinsa ya sauya. Bambancin shi ne kai kana iya kama ragonka ka buɗe bakinsa. Zaki kuwa sai an harba masa allurar barci kafin likita ya taɓa shi, ita kuma allurar tana da nata haɗarin, musamman a zafin Afrilu irin na Kano da kan haura digiri 40. Ga shi naman daji gwanin ɓoye ciwo ne, domin a dawa duk wanda ya nuna rauni ya shiga uku. Don haka mai kula da shi alamu yake karantawa: nawa ya rage a naman jiya, yaya yake taka ƙafa, akwai tsutsa ko jini a kashinsa, ƙudaje masu cizo sun fara cin gefen kunnuwansa kamar yadda suke yi wa karnuka da damina? Duk sai a rubuta a littafi. Ramar da ido ba ya kamawa a kwana ɗaya, littafin wata uku yana nuna ta. A wasu gidajen zu na duniya har koya wa zaki ake ya miƙo wutsiya ta ƙasan ƙarfe a ɗebi jininsa, ana ba shi 'yar tsoka a matsayin lada, don a huta da allurar barci.

Maganar abinci

A nan ne aka fi yin kuskure, kuma kuskuren mai kama da kyautatawa ne. Babban namijin zaki na buƙatar kimanin kilo 7 na nama a rana, mace kuma kimanin kilo 5. To in aka ce ka ciyar da shi, me za ka saya? Yawancinmu wurin mahauci za mu je mu ce a yanko tsoka mai kyau, ba ƙashi ba kitse, irin wadda ake yi wa babban baƙo. Ɗan zakin da aka raina da irin wannan nama kaɗai, cikin 'yan watanni ƙafafunsa za su lanƙwashe, wata rana ma ya yi ɗan tsalle ƙashi ya karye.

Ga yadda abin yake. Ƙashi ana gina shi ne da sinadarai biyu, kalsiyam da fosfaros, kuma jikin zaki yana son su zo a abinci kusan kai ɗaya, kalsiyam ya ɗan ɗara. Tsoka kuwa ba haka take ba: in ka auna mudu ɗaya na kalsiyam a cikinta, za ka tarar da kusan mudu 20 na fosfaros. Shi kuma jini ba ya yarda kalsiyam ɗinsa ya yi ƙasa, saboda da shi zuciya ke bugawa, da shi jijiyoyi ke aika saƙo. Da zarar ya fara raguwa, sai wasu 'yan ƙananan ƙulle-ƙulle da ke wuya su saki wani sinadari mai ba da umarnin a je a ɗebo daga ƙashi. Ka ɗauki ƙashi a matsayin rumbu. Kullum ana ɗiba, ba a zubawa. Daga waje rumbun na nan tsaye, dabbar ma ga ta da ƙiba da sheƙi, sai ranar da ya rufta.

A daji wannan ba ya faruwa, don zaki ba tsoka kaɗai yake ci ba. Yakan fara da kayan ciki, ya ci hanta da zuciya, ya tauna haƙarƙari da guringuntsi, ya haɗiye fata da gashi. Mutane sun daɗe kafin su gane haka. A gidan zu na Landan an yi shekaru 'ya'yan zaki na mutuwa da lanƙwasassun ƙafafu, sai a 1889 wani likitan tiyata mai suna John Bland-Sutton ya ba da shawarar a riƙa haɗa musu da dakakken ƙashi da man hantar kifi a kan naman da suke ci. Suka miƙe. A lokacin ko sunan bitamin D ba a sani ba.

Wani abin da zai ba ka sha'awa: cutar nan ba ta tsaya kan zaki ba. Yaran da kake gani da ƙafar gwame ko mai kama da baka, sau da yawa labarin ɗaya ne. A Turai rashin hasken rana ne ya fi jawo ta, mu kuwa rana ba ta yi mana kaɗan ba. Binciken da Dokta Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi a Jos, aka wallafa a 1999, ya nuna yaran da aka bai wa kalsiyam sun fi warkewa a kan waɗanda aka bai wa bitamin D kaɗai.

Mu koma kan zaki. Hanta ma dole ce. Akuyarka tana cin ɗanyen ganye jikinta ya sarrafa shi zuwa bitamin A, amma dangin kyanwa, daga muzurun gida har zaki, ba su da wannan baiwa. Sai sun same shi a shirye daga hantar wata dabba. Ɗan zakin da ya rasa shi, ƙashin ƙoƙon kansa kan yi kauri ya danne bayan ƙwaƙwalwa, sai ka ga yana tangaɗi, yana ɗaga kai sama kamar mai ƙirga taurari. Kuma in hantar ta yi yawa ita ma guba ce. Shi ya sa mafi sauƙi shi ne a ba shi dabba da ƙashinta da fatarta da kayan cikinta, in kuma tsoka ce ta samu, a barbaɗa mata garin kalsiyam da bitamin da awo. Makiyayin da ke kai shanunsa lasar kanwa ba zai yi mamakin wannan ba.

Akwai kuma ranar da ba a ba shi komai, ko a ba shi ƙashi kawai ya yi ta gwagwiya, sau ɗaya ko biyu a mako a wurare da yawa. Mai ziyara na iya ɗauka rowa ce ko an cinye kuɗin. Zakin daji in ya yi sa'a yakan ci kilo 30 a zama ɗaya, sannan ya yi kwanaki bai sake samu ba. Wanda ke keji ba ya gudu ba ya farauta, in aka cika masa ciki kullum, ƙiba ce za ta kashe masa gwiwoyi.

Daga ina naman ya fito shi ma tambaya ce. A ce mai gonar kaji ya wayi gari da matattun kaji ɗari, ya ce a zo a kwasa kyauta a bai wa namun daji. Mai kula da ya san aikinsa zai yi godiya ya ƙi karɓa. A 2004, a wani gidan zu da ke Sriracha a ƙasar Tailan, damisoshin Asiya masu ratsi-ratsi 147 ne suka mutu ko aka kashe su bayan sun kamu da murar tsuntsaye daga ɗanyun kajin da aka ba su. Wannan murar ce ta ɓulla a Najeriya a 2006, ta fara daga Kaduna ta taɓa gonakin Kano. Saniya mai tarin fuka ma tana sa wa zakin da ya ci ta. Hatta karen da ke yawo a bayan keji abin tsoro ne: a 1994 cutar distemfa ta karnuka ta kashe zakuna kusan 1,000 a dajin Serengeti na Tanzaniya, wato kimanin kashi ɗaya cikin uku na zakunan wurin.

Sauran mazauna gidan kowa da nasa. Kura, wadda ƙila ka saba gani da takunkumi a hannun gardawa ranar kasuwa, ita ƙashi ba ya yi mata wuya. Muƙamuƙinta na fasa ƙashin cinyar saniya, cikinta ya narkar da shi, shi ya sa kashinta kan bushe ya yi fari kamar alli. Kada da mesa jikinsu zafin waje yake bi, in hunturu ya shigo cinsu raguwa yake, ba lallai ciwo ba ne. Jimina kuwa duk abin da ta gani haɗiyewa take. Ka taɓa ganin dunƙulen leda a tumbin akuya ranar yanka? To masu shara a kejin jimina da barewa bayan cikowar Sallah, abin da suke ƙoƙarin hanawa ke nan.

Zakin da ke safa da marwa

Wanda ya kamata ya dame ka shi ne zakin da ke kai da komo a jikin shinge, layi ɗaya, juyi ɗaya, har ƙasa ta yi hanya. 'Yan kallo sun fi son sa, wai yana da kuzari. Masana halayyar dabbobi kuwa alamar ƙunci suke ɗaukarsa. A 2003 Ros Clubb da Georgia Mason na Jami'ar Oxford sun kwatanta masu cin nama iri-iri da ke tsare, suka gano cewa gwargwadon faɗin yawon dabba a daji, gwargwadon yawan wannan zarya da take yi a keji. Faɗaɗa keji na son kuɗi mai yawa, amma akwai dabarun da ba sa cin komai. A rataye naman a sama sai ya yi tsalle, ko a ɓoye shi cikin buhu ko ƙarƙashin itace. A sauya lokacin abinci kada ya haddace shi. A kawo masa ƙamshin da bai saba ba, ko harawar da awaki suka kwana a kai. A ba damisa wuri mai tudu, domin ita 'yar bishiya ce. Sannan kowanne ya samu lungun da zai ɓuya daga idon jama'a. Wannan na ƙarshe ne masu gidajen zu ba su cika so ba, tunda mai biyan kuɗi gani ya zo yi, amma a ganinmu dabbar da ba ta da wurin ɓuya ba a gama gina mata keji ba.

Sai ƙofa. Kejin zaki na ƙwarai ɗaki biyu ne, wurin kwana da filin wuni, a tsakaninsu ƙofar ƙarfe mai zamewa da ake ja daga waje. Za a wanke fili, sai a ja shi ɗaki da nama, a rufe, a sa sakata da kwaɗo, a ƙirga dabbobin da ido a tabbatar duk suna ciki, mutum na biyu ya sake dubawa, sannan a shiga. Mutum da zaki ba sa haɗa fili ɗaya, ko da a hannunka aka haife shi. A Fabrairun 2024 zaki ya kashe ma'aikacin gidan zu na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, mutumin da ya kula da zakunan tun haihuwarsu kimanin shekara 9. A Satumbar wannan shekarar aka sake yin irin haka a Abeokuta, inda 'yan sanda suka ce an bar ƙofar kariya a buɗe lokacin ba da abinci. Mutanen Kano ma ba su manta da Oktoban 2019 ba, daren Asabar ɗin da zaki ya kuɓuce ana ƙoƙarin shigar da shi keji. Unguwannin da ke kewaye da Zoo Road suka kwana cikin zullumi, shi kuwa bai bar harabar gidan ba, ya faɗa wurin awaki ya yi ta ci, sai ranar Litinin aka samu ya koma keji.

Ƙila ka ce, duk wannan wahala ta mece ce, a kai su Falgore ko Yankari a sake su mana. Zakin da aka haifa a keji bai iya farauta ba, kuma abin da ya koya tun yana jariri shi ne mutum ke kawo abinci. In aka sake shi, ruga mafi kusa zai nufa. Na dajin ma sun kusa ƙarewa. Ƙidayar da ƙungiyar Panthera ta jagoranta, aka fitar a 2014, ta samu kimanin zakuna 400 ne kacal a duk Afirka ta Yamma, a wurare huɗu: Niokolo-Koba a Senegal, dazukan W da Arli da Panjari a kan iyakar Nijar da Benin da Burkina Faso, sai Kainji da Yankari a Najeriya, waɗanda su biyun a haɗe ba su kai 50 ba.

Saboda haka wanda ya shiga keji ya shiga ke nan, kuma yakan kai shekara 20 a ciki, fiye da ɗan'uwansa na daji. Wannan ne ya sa wuraren da aka keɓe don ceto namun daji ba sa barin zakunansu su hayayyafa, har maganin hana ɗaukar ciki ake dasa wa matan a ƙarƙashin fata. Yi lissafin da kanka: kilo 6 a rana ya kai kusan tan 2 a shekara, akuya matsakaiciya kuwa ba ta wuce masa abincin kwana biyu. Ɗan zaki guda da aka haifa yau, kimanin tan 40 na nama ne wani zai nemo masa kafin ya tsufa.