Ƙaura Ta Taso, Yara Fa?

Ƙaura ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. A 1976, da aka raba Jihar Arewa maso Gabas gida uku, ma'aikata da yawa suka kwashe iyalansu daga Maiduguri zuwa Bauci da Yola. A 2014 kuma dubban 'yan'uwa na Gwoza da Michika da Mubi suka bar gida ba shiri. Yau ma ga fasto da aka canja wa ikkilisiya, ga ɗan sanda, ga ma'aikaciyar asibiti. Manya sukan zauna su yi shawara, su yi addu'a, su lissafta kuɗin mota. Yaro kuwa sai ya ga ana ɗaure katifa kafin ya san abin da ake ciki.

Mu malamai mu ne muke ganin abin da ke biyo baya. Yaron da a can shi ne na gaba a aji, ya zo nan ya yi tsit. Wani ya kama faɗa da kowa. Ƙananan sukan koma fitsarin kwance, ko su manne wa uwa. Sai iyaye su ce taurin kai ne, su ɗauko bulala. Alhali kewa ce, bakin faɗarta ne yaron ba shi da shi.

Saboda haka, iyaye, da zarar magana ta tabbata, ku tara 'ya'yanku ku gaya musu gaskiya: ina za a je, yaushe, don me. Kada ku ce za a dawo bayan Kirsimeti in kun san ba haka ba ne. Yaro ba ya manta alkawari. Sa'an nan ku tambaye su abin da ke damunsu. Za ku yi mamaki. Uba yana tunanin kuɗin haya, ɗansa kuwa yana tunanin wa zai ba karensu abinci.

Kada a hana yaro sallama. Mu manya mukan zaga maƙwabta mu nemi gafara, mu bar yara suna gadin kaya. A tafi da su. Su yi bankwana da abokansu da malamin makarantar Lahadi. Ranar da aka kira iyalin gaban ikkilisiya don addu'a, a tsai da yaran su ma, a ambaci sunan kowa. A kuma bar wa kowane yaro ɗan ƙunshinsa. Motar gwangwanin nan da uwa take gani shara ce, a wurinsa dukiya ce, ba ta kuwa cin wuri a mota.

Batun makaranta yana son lura. Shekarar karatu takan fara a watan Satumba. In da hali, uba ya yi gaba ya kama aiki, iyali su bi shi a dogon hutu. A karɓi takardar canjin makaranta da sakamakon jarrabawa tun kafin a tashi. A can kuma a ga sabon malami ido da ido, a gaya masa halin yaron. Wanda ya tashi a Jos ya koma Sakkwato zai sha zafin Afrilu, zai kuma sha dariya saboda Hausarsa dabam take. In malami ya sani, zai tsare shi.

A daren farko a sabon gida, ko da kaya suna ɗaure, a shimfiɗa tabarma a yi addu'ar yamma a lokacin da aka saba, da waƙar da aka saba. Ran Lahadi uwa ta riƙe hannun yaro ta kai shi ajinsa, kada ta nuna masa ƙofa daga nesa.

Mu da baƙi suka sauka a unguwarmu, Zumuntar Mata takan kai musu tuwo, madalla. Amma idan za a kai, a ɗora wa 'ya'yanmu kwanon, a ce su tsaya su yi wasa kafin su dawo.