Amsoshin Wasiƙunku: Daga Ina Sinawa Suka Harba Tauraron Nijeriya?

A wannan mako wasiƙu uku ne suka haɗu a kan magana guda, don haka muka ga ya fi kyau mu amsa su tare.

Ta farko ta fito daga wani Alhaji mai sayar da albasa a kasuwar Talata Mafara. Ya ce gardama ce ta kaure a rumfarsu ran kasuwa. Wani ya rantse cewa Sinawa a cikin kogon dutse suke harba kumbonsu, ba mahalukin da ya san wurin, shi kuwa ya ce ɗansa ya nuna masa wurin a waya da idonsa. Ta biyu daga wani manomin shinkafa ne a Bakura, wanda ya ji labarin ƙarfe yana faɗowa daga sama a kan ƙauyuka, yake tambaya ko mu ma abin zai iya iske mu. Ta uku daga Maradun take, ita ce mai nauyi, sai mu bar ta a ƙarshe.

To, Alhaji, ɗanka ya yi gaskiya. Amma kafin mu shiga, bari mu raba abu biyu da mutane ke haɗawa. Roka daban, tauraron ɗan Adam daban. Roka ita ce motar, tauraro shi ne kayan da ta ɗauko. Idan ta kai shi sama ta sauke, aikinta ya ƙare. Wurin da ake tsayar da ita a cika mata mai a kunna ta, shi muke kira dandamalin harbawa, watau kamar tashar mota ke nan.

Ƙasar Sin tana da manyan sansanoni huɗu na wannan aiki. Akwai Jiyucuwan a cikin hamadar Gobi, wanda ya girme su duka, daga nan suka harba tauraronsu na farko a 1970, daga nan kuma mutuminsu na farko, Yang Liwei, ya tashi zuwa sararin samaniya a 2003. Akwai Tayuwan, akwai Wancang a tsibirin Hainan. Wanda ya shafe mu shi ne Shicang, a lardin Sicuwan, kudu maso yammacin ƙasar. Wanda zai neme shi a waya sai ya rubuta Xichang, haka su suke rubuta shi da boko. Sansanin yana cikin wani kwari ne tsakanin duwatsu, kimanin kilomita 60 daga garin. Ina jin nan abokin gardamarka ya samo zancen kogo. Duwatsu kam akwai su, amma a fili ake harbawa, har 'yan kallo suke zuwa.

Daga wannan kwari ne aka harba tauraron sadarwa na Nijeriya, NigComSat-1, a kan roka mai suna Long March 3B, ran Lahadi 13 ga watan Mayu 2007, da misalin ƙarfe 5 na yamma agogonmu. A littattafan Sinawa 14 ga wata za ka gani. Duka biyun daidai ne, domin agogonsu ya riga namu da awa 7, can dare ya riga ya raba. Kada wannan ma ya zama wata sabuwar gardama a rumfa. Tauraron bai yi tsawon rai ba. A watan Nuwamba 2008 fukafukansa masu tara hasken rana suka lalace, wuta ta ɗauke masa, ya mutu. Aka ƙera madadinsa, NigComSat-1R, aka harba shi daga Shicang ɗin dai ran 19 ga watan Disamba 2011. An tsara shi ya yi shekara 15 yana aiki, sai kowa ya yi lissafinsa.

Yanzu ta yaya mutum yana zaune a ɗakinsa zai gane dandamali, har ya ce wannan ne ba wancan ba? Lokacin da nake koyarwa a firamare, idan zan fara darasin taswira nakan tambayi yara: in ka hau bishiya ka hango fili a bayan gari, me zai nuna maka masussuka ce ba filin ƙwallo ba? Sai su ce ƙasar ta daddale, ga ƙaiƙayi a gefen da iska ke kaɗawa, ga sawun jakuna ya nufi gari. To haka abin yake. Akwai taurarin da aikinsu ɗaukar hoton ƙasa, kamfanoni suna sayar da hotunan, wasu kuma kyauta ake kallonsu a Google Earth. Wanda ya duba can zai ga madatsar ruwa ta Bakolori da manyan magudanan da suka ratsa gonakinmu, rangaɗau. Dandamalin roka kuwa ya fi magudana alamu.

Babbar alama ita ce hasumiyar ƙarfe mai benaye da yawa, domin Long March 3B ta haura mita 50 a tsaye, dole ma'aikata su sami inda za su taka su kai ga wuyanta. Daga sama hasumiya ba ta nuna tsawonta, sai dai inuwarta ta tona mata asiri. Masana suna auna tsawon inuwa, su duba inda rana take a lokacin da aka ɗauki hoton, su fitar da tsawon ginin, kamar yadda dattawanmu ke auna inuwa da taƙi su san la'asar ta yi. A gindin hasumiya akwai wani wawakeken rami na kankare da aka karkatar gefe, nan wutar roka ke bi ta fita, in ba haka ba ta dawo ta cinye rokar. Kewaye da wurin ga dogayen turaku masu kare tsawa, can nesa kaɗan ga rumbunan mai da tankunan ruwa. Idan waɗannan suka haɗu wuri guda, ba sai an tambayi kowa ba.

A Shicang dandamali biyu ne manya, mai lamba 2 da mai lamba 3. Ina mai lamba 1? An tsara shi tun farko, ba a gina shi ba. Mai lamba 3 shi ne tsoho, ya fara aiki a 1984, daga baya aka rushe shi aka sake gina shi, daga kansa kumbon Chang'e 1 ya tafi duniyar wata a watan Oktoba 2007. Mai lamba 2 an gina shi a 1990 domin manyan rokoki. Abin da ke bambanta shi a hoto shi ne wata ƙatuwar rumfar ƙarfe da ke tafiya a kan dogo. Ita ke rufe roka yayin da ake harhaɗa ta, in lokaci ya yi a janye ta baya. Taurarin Nijeriya duka biyun daga mai lamba 2 suka tashi. Alhaji, ka ji amsar, sai ka kai wa abokinka.

Sai dai a lura, hoton da ke cikin waya ba na yau ba ne. Wani ya yi watanni, wani ya yi shekaru. Masu bin diddigi ba da hoto kaɗai suke aiki ba, sun fi dogara da sanarwa. Kafin a harba roka dole a gargaɗi matuƙan jiragen sama da na ruwa cewa ran kaza, daga ƙarfe kaza zuwa kaza, kada a ratsa wuri kaza. Mu a Zamfara mun san irin wannan, tun da a watan Maris 2021 gwamnatin tarayya ta hana jirage shawagi a sararin jihar. Wuraren da ake rufewa su ne inda gaɓoɓin roka za su faɗo. Mai lura sai ya ɗiga su a taswira, ya ja layi ya haɗa su, ya bi layin baya. Inda ya tsaya, nan ne sansanin. Bin sawu ne irin na makiyayi, illa dai shi wannan sawun tun kafin dabbar ta wuce ake shata shi. Tazarar da ke tsakanin ɗigon kuma takan nuna irin rokar, irin rokar ta nuna dandamalin da zai ɗauke ta. Bayan an harba, rundunar Amurka mai sa ido a sararin samaniya tana ba kowane sabon abu lamba, ta bayyana hanyar da yake bi. Saboda haka ko mai abu bai yi magana ba, ba a daɗewa ake sani.

Mu koma kan Malam na Bakura. Abin da ka ji ba ƙarya ba ne. Roka gaɓa-gaɓa take, kowace gaɓa in manta ya ƙare sai ta rabu ta faɗo. Shicang a tsakiyar ƙasa yake, gabas kuma ake harbawa, domin duniya gabas take juyawa, juyin nata yana ƙara wa roka gudu. Don haka gaɓoɓin sukan faɗa a lardunan Guizhou da Guangxi, a gonakin manoma irinka. Akan sanar da su su kauce, amma an sha ganin ƙarfe a kan rufin gida yana fitar da jan hayaƙi, wannan mai kuwa guba ne. Mafi muni ya faru a watan Fabrairu 1996, lokacin da Long March 3B ta farko ta kauce tana tashi, ta faɗa kusa da wani ƙauye. Hukuma ta ce mutum 6 suka rasu, 57 suka ji rauni, wasu baƙin da suka ga wurin suka ce adadin ya fi haka. Wannan na cikin dalilan gina Wancang a bakin teku, wanda ya fara aiki a 2016, inda gaɓoɓi ke faɗawa cikin ruwa. Wani dalilin kuma, sabuwar rokarsu Long March 5 faɗinta mita 5 ne, ba ta shiga ramukan jirgin ƙasa, sai a jirgin ruwa ake kawo ta.

Tsakaninmu da Shicang kusan kilomita 10,000 ne, kuma mu yamma muke, roka gabas ta nufa. Gaɓoɓin farko ba su da hanyar zuwa Bakura. Amma ba zan ɓoye maka ba, akwai gaɓar ƙarshe da kan kai har sama ta yi ta kewaya duniya kafin ta dawo. A watan Mayu 2020 gangar Long March 5B, mai nauyin kusan tan 20, da aka harba daga Wancang, ta dawo ba linzami, aka tsinci dogayen bututan ƙarfe a ƙauyukan Kwaddibuwa, nan Afirka ta Yamma. Allah ya kiyaye, ba a sami rahoton rasa rai ba. Galibin irin wannan a teku yake ƙarewa, domin ruwa ya fi tudu yawa nesa ba kusa ba. Ka ci gaba da dashenka, Malam. In dai har wata rana aka wayi gari da baƙon ƙarfe a gona, kada a taɓa, kada a bar yara su matsa, kada kuma a yi saurin kai shi wurin 'yan gwangwan. A sanar da mai gari da hukuma.

Saura wasiƙar Maradun. Mai ita ya ce, in har daga sama ana iya ƙirga hasumiyoyi a ƙasar Sin, Nijeriya kuma tana da taurari, me ya hana a ga 'yan bindiga a dazuzzuka irin su Sububu? Ya ce shekara uku ke nan bai noma gonarsa ta nesa ba. Malam, Allah ya kawo mana sauƙi. Na karanta wasiƙarka fiye da sau ɗaya.

Abu na farko, NigComSat-1R ba shi da idon ɗaukar hoto. Yana can nisan kilomita kusan 36,000, aikinsa karɓar saƙon talabijin da waya da intanet ya mayar ƙasa. Masu ɗaukar hoto daban ne, NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, su kuma daga Rasha aka harba su a watan Agusta 2011. Shi NigeriaSat-2 shekara 7 aka ɗiba masa, kuma ɗigo guda a hotonsa mafi kyau mita 2 da rabi ne a ƙasa. Babur bai cika ɗigo ɗaya ba. Na kamfanonin waje suna gani har abin da bai kai kamu biyu ba, amma da tsada, kuma su ma ba tsaye suke a kanmu ba, wucewa suke yi cikin 'yan mintoci, sai sun sake zagayowa. Da damina ga girgije, da hunturu ga hazo, ga kuma inuwar itatuwa. Dandamalin Shicang kankare ne da ƙarfe, yana nan inda yake fiye da shekara 30, masu shi har sanarwa suke bayarwa kafin su motsa. Mutumin da ke kan babur a ƙarƙashin kuka ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Duk da haka ba zan ce maka hoto ba ya da amfani ba. Bukkoki suna fitowa, garken shanu yana fitowa, ramukan haƙar zinariya suna fitowa, hanyar da babura suka daddale a daji ita ma tana fitowa in aka gwada hoton bara da na bana. A ganina, sanin wurin ba shi ne ya fi wuya ba, domin ku da kuke kusa kun san shi tun kafin tauraro ya sani. Abin da za a yi bayan an gani, wannan ba tambayar masu ilmin sama ba ce, ta hukumomin tsaro ce. Mun aika musu da takardar gayyata su zo wannan fili, kuma wasiƙarka ce za mu fara karanta musu.

Mai tambaya a kan tsutsar da ke cin zuciyar masara, daga Bakura shi ma, ya yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.