Hoton Ɗan Daudu a Finafinan Hausa

Gabatarwa

Manufar wannan ɗan taƙaitaccen rubutu ita ce duba yadda finafinan Hausa suke nuna ɗan daudu, da kuma abin da wannan nuni yake haifarwa ga mutanen da ake kwaikwayo. Daudu tsohuwar ɗabi'a ce a ƙasar Hausa, ta girmi silima da talabijin nesa ba kusa ba, amma a yau mafi yawan matasa ta allon kallo suka san ɗan daudu. Saboda haka ya dace ɗalibin Hausa ya tambayi kansa ko wane irin mutum ne allon yake nuna masa.

Ma'anar Daudu

Ɗan daudu shi ne namijin da yake ɗaukar salon mata a magana da tafiya da sana'a. An fi sanin 'yan daudu da dafa abincin sayarwa a tasha da kasuwa, da zama kusa da mata masu zaman kansu, da gwanintar habaici. A tsakaninsu sukan kira juna da "ke" ko "ƙawa". Masana da dama suna danganta sunan da Ɗan Galadima, ɗaya daga cikin iskokin bori. Rudolf Gaudio, wanda ya yi bincike a Kano cikin shekarun 1990 kuma ya buga littafinsa Allah Made Us a 2009, ya nuna cewa da yawansu suna da mata da 'ya'ya, suna kuma ɗaukar kansu Musulmi kamar kowa. Lalle ne a lura cewa daudu da luwaɗi kalmomi biyu ne dabam: ta farko tana nufin salon rayuwa da ake gani a fili, ta biyu kuwa aiki take nufi. Akwai inda suke haɗuwa, akwai kuma inda ba su haɗuwa.

Ɗan Daudu a Allo

Tun daga Turmin Danya na 1990, wanda ake ɗauka shi ne mafarin finafinan bidiyo na Hausa, masu shirya fim suka gaji al'adar wasan kwaikwayo ta amfani da wasu sanannun mutane don ban dariya, watau irin su ɗan ƙauye da boka da ɗan daudu. Fitaccen misali shi ne Ibro Ɗan Daudu, wanda marigayi Rabilu Musa ya fito a ciki a farkon shekarun 2000. A irin wannan fitowa, abin da ake ɗauka daga ɗan daudu shi ne rangwaɗa da tafa hannu da maƙale murya. Ba safai ake nuna shi yana ciyar da iyayensa, ko yana jinya, ko yana baƙin ciki ba. Ana fito da shi ne domin a yi dariya, ko domin ya zama darasi.

Wannan salo bai keɓanta ga Hausawa ba. A Amurka, dokar tace finafinai da ake kira Hays Code, wadda aka tsaurara a 1934 aka kuma yi watsi da ita a 1968, ta hana nuna soyayyar jinsi ɗaya a fili, sai masu fim suka riƙa fito da namiji mai yanga domin ban dariya. Vito Russo ya bi diddigin wannan tarihi a littafinsa The Celluloid Closet na 1981. Darasin da ke ciki shi ne, inda aka hana a nuna mutum a cikakkiyar surarsa, abin da yakan rage a allo shi ne siffar da za a yi wa dariya.

Doka da Kafofin Sada Zumunta

A Nijeriya ma akwai iyakar da doka ta shata. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar a 2000. Sa'an nan a watan Janairu na 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 14. A cikin irin wannan yanayi, rikitar da daudu da luwaɗi ya wuce kuskuren harshe, domin mai sayar da tuwo a tasha yana iya fuskantar zargi mai nauyi saboda salon maganarsa kaɗai.

Zuwan intanet ya sauya al'amarin ta fuska biyu. Ta fuska ɗaya, ya buɗe ƙofar da hukumomin tacewa ba su riƙe da mabuɗinta. Alal misali, fim ɗin Ife na 2020, wanda Pamela Adie ta shirya game da soyayyar mata biyu, ta intanet aka sake shi. Haka nan a TikTok da Facebook mutum yana iya nuna kansa da bakinsa, ya kuma sami waɗanda suke irin rayuwarsa. Ta ɗaya fuskar kuwa, bidiyon da aka ɗora da safe yana iya isa unguwar mai shi kafin la'asar, kuma abin da ya shiga wayoyin jama'a ba ya gogewa.

Kammalawa

Mun ga cewa allo yakan ɗauki ɓangare ɗaya na rayuwar ɗan daudu ya bar sauran. Ko mai nazari yana ƙyamar wannan ɗabi'a ko ba ya ƙyamarta, aikinsa shi ne ya fayyace kalmomi, ya kuma rarrabe mutumin da ke cikin fim da mutumin da ke tasha yana neman abin kai wa bakin salati. Har ila yau akwai fagen bincike a nan ga ɗaliban wannan sashe, musamman wajen kwatanta habaicin 'yan daudu na ainihi da wanda ake sa wa 'yan wasa a baki.